RA'AYI: Deksa a Birnin Lalle, maganin kwana biyar da ke neman zama abincin kullum

Da zarar an gama kai gero rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗowa daga arewa, masu ciwon asma a Birnin Lalle da ƙauyukan da ke kewaye da ita sun san cewa lokacin wahalarsu ya tsaya. Ƙurar hazo da ƙaiƙayin sussuka da hayaƙin itacen jin ɗumi duk sai su taru a ƙirjin mutum ɗaya. Idan ciwon ya tashi da ƙarfi har mutum ya kasa haɗa magana, ma'aikacin lafiya kan fara ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin numfashi, sannan ya haɗa masa da ƙwayar firedinisolon ta kwana biyar zuwa bakwai idan babba ne, ko kwana uku zuwa biyar idan yaro ne. A cikin waɗannan 'yan kwanaki kumburin da ya toshe ƙirji ya kan sace, mutum ya koma harkokinsa, a kuma ajiye maganin.

Wannan shi ne amfanin magungunan dangin kotizon idan an bi ƙa'ida: akwai dalili, akwai adadi, akwai kuma ranar dainawa. Sai dai a ranar kasuwa, a Birnin Lalle da sauran garuruwan gundumar Dakoro, kamar yadda yake a kasuwannin karkara da dama na Nijar, ɗan'uwan wannan magani, wato deksametazon da aka fi sani da deksa, yana nan a kan tiren masu talla, tsakanin farasitamol da maganin tsutsar ciki. Ana sayar da shi ƙwaya biyu ko katin guda, babu tambaya, babu ranar dainawa. Abin da ya kamata jama'a da hukumomi su gane shi ne, kwanakin da ake ƙayyade wa wannan magani rabin maganin ne. Duk wanda ya sayar da shi ko ya rubuta shi bai faɗi ranar da za a daina ba, ya bai wa mara lafiya rabin magani da rabin cuta.

Daga ina ƙarfinsa ya fito?

A saman kowace ƙoda ta ɗan'adam akwai wata 'yar halitta da ke fitar da wani sinadari mai suna kotisol. Shi ke taimaka wa jiki ya daidaita suga da bugun jini, ya jure wa wahala, ya kuma kwantar da kumburi. Magungunan dangin kotizon kwaikwayon wannan sinadari ne, amma sun fi shi ƙarfi. Firedinisolon ya ninka shi kusan sau huɗu, deksa kuwa kusan sau 25, kuma aikinsa na iya wuce kwana ɗaya da rabi a jiki bayan an sha. Ke nan 'yar ƙwayar da ake rainawa saboda ƙanƙantarta da arharta tana cikin magunguna mafi ƙarfi da ke yawo a kasuwa.

A shekarar 1948 wani likita a Amurka mai suna Philip Hench ya fara gwada kotizon a kan wata mata da ciwon gaɓɓai ya kwantar da ita. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Abin ya girgiza duniyar likitanci, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Amma ba a daɗe ba likitoci suka ga ɗaya fuskar: waɗanda suka jima a kan maganin fuskarsu ta kumbura, ƙashinsu ya yi rauni, jininsu ya hau, cututtuka suka riƙa kama su cikin sauƙi. Tun daga lokacin aka ɗauki darasin da har yau ake koyarwa, cewa a ba da mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, na mafi gajeren lokaci.

Babu mai musun cewa maganin yana ceton rai. Bayan asma, akwai tarin nan na ƙananan yara mai kama da haushin kare da ke toshe maƙogwaro, wanda sha ɗaya na deksa kan isa. Akwai tsananin borin jini bayan harbin ƙwaro ko shan wani magani, inda ake haɗa shi da wasu magungunan. A watan Yunin 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford da ke Ingila sun sanar cewa miligiram shida na deksa a kullum, na tsawon abin da bai wuce kwana goma ba, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu cutar korona da ke kan na'urar numfashi, da kusan kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin waɗanda ake ƙara wa iskar oksijin. Amma wannan binciken ya nuna cewa waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar oksijin ba, maganin bai amfane su da komai ba.

Magani ɗaya, sakamako biyu

Misalin da ya fi dacewa da yanki irin Dakoro shi ne na mata masu juna biyu da naƙuda ke neman kamawa kafin lokaci. Allurar deksa guda huɗu cikin kwana biyu tana taimaka wa huhun bakwaini ya yi ƙwari kafin a haife shi. An gudanar da wani babban gwaji a karkarar ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Zambiya da Indiya, inda aka bai wa ma'aikatan ƙananan cibiyoyi da ungozomomi damar yin allurar ga duk matar da suke zaton za ta haihu da wuri. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya tayar da hankali: mutuwar jarirai ta ƙaru maimakon ta ragu, kuma cututtukan da ke kama uwaye ma sun ƙaru. Da yawa daga matan da aka yi wa allurar ashe cikinsu ya isa haihuwa.

Bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwajin a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, ciki har da Najeriya, amma a wannan karon sai an tabbatar da watannin ciki da na'urar hoto, an tabbatar uwa ba ta ɗauke da wata cuta mai zazzaɓi, kuma akwai wurin kula da jariri. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kashi 23.5 cikin ɗari zuwa 19.6. Maganin bai canza ba, adadinsa bai canza ba. Abin da ya canza shi ne wanda ya yanke hukuncin bayarwa da abin da ya dogara a kai.

Idan har ma'aikatan da aka horar za su iya cutarwa da wannan magani cikin kwana biyu kacal saboda rashin tantancewa, to ina ga mai talla da ke ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda ya miƙa wa mai zazzaɓi?

A nan ne hatsarin ya fi kusa da gida. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro ne ke cika cibiyoyin lafiya na jihar Maraɗi. Deksa yana saukar da zafin jiki, ya buɗe cin abinci, ya sa mutum ya ji ƙarfi, alhali ko ƙwayar cuta ɗaya bai kashe ba. Hasali ma garkuwar jikin da ke yaƙi da cutar ce yake kwantarwa. Uwar da ta ga ɗanta ya farfaɗo bayan shan haɗin kasuwa za ta iya jinkirta zuwa asibiti da kwana biyu ko uku, waɗanda su ne kwanakin da ke raba mai rai da gawa. Tun a 1982 wani bincike da aka yi a Tailan a kan mutum 100 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ya gano cewa deksa yana tsawaita suma, yana kuma ƙara ciwon huhu da zubar jini a ciki. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana amfani da shi a irin wannan zazzaɓi.

Haka batun sanƙarau, wanda Nijar ta san zafinsa, musamman a annobar 2015. A Turai an ga amfanin deksa ga manya masu wani nau'in sanƙarau, amma gwaje-gwajen da aka yi a Malawi a kan yara da manya ba su nuna yana rage mutuwa ba. Wannan hukunci ne na likitan da ke tsaye a kan mara lafiya, kuma ko an bayar, tare da maganin kashe ƙwayar cutar ake bayarwa.

Gajeren lokaci ma yana da farashi

Akwai wata fahimta da ta yaɗu har a tsakanin ma'aikatan lafiya, cewa muddin bai wuce mako guda ba, babu wata illa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya duba bayanan manya sama da miliyan ɗaya da rabi a Amurka, ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar ya sha irin wannan magani na ɗan lokaci a cikin shekara uku, galibi saboda mura da ciwon baya da borin jini. A cikin wata guda bayan shan maganin, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ya ninka kusan sau biyar, na daskarewar jini a jijiya sau uku, na karaya kusan sau biyu. Gaskiya ne cewa ko da wannan ninki, waɗanda abin ya sama 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu shan. Amma waɗannan mutane ne masu ƙoshi, masu asibiti a kusa. Mazaunin rugar da ke arewacin Dakoro, wanda sai ya nemi amalanke ko babur kafin ya kai titi, ba shi da wannan gata.

Akwai kuma waɗanda ko kwana uku na iya jefa su cikin matsala. Mai ciwon suga, sugansa zai iya tashi fiye da kima, kuma da yawan masu ciwon a karkara ba su san suna da shi ba. Mai hawan jini da mai gyambon ciki haka, musamman idan aka haɗa masa deksa da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak, waɗanda su ma ke cin bangon ciki. Mai sikila na iya samun tashin ciwo bayan ya gama sha. Wanda tarin fuka ke kwance a jikinsa, maimaita shan maganin na iya tayar da shi. Wasu kan rasa barci, wasu su rikice kamar masu taɓin hankali. Manomin da karan gero ya soka a ido, idan ya ɗiga maganin ido mai ɗauke da kotizon, jan zai ragu, amma gyambon da ke kan ƙwayar idon na iya zurfafa har ya rasa gani. Yaron da aka shafa wa man kotizon a kan makero, ƙaiƙayin zai lafa, cutar kuma ta bazu.

Daga kwana biyar zuwa wata biyar

Babbar ɓarnar tana faruwa ne idan gajeren lokaci ya zarce. A ɗauki misalin manomin da ya yini yana huɗa ko noma, gwiwa da baya suna ciwo. Ya sha deksa, ya kwana lafiya, washegari ya tashi garau. Da maganin ya sake shi ciwon ya dawo, sai ya sake saye. Kafin kaka ya shafe wata uku yana sha. Ko kuma budurwar da ake shirin aurenta, aka ce ta rame, aka kawo mata haɗin da a wasu garuruwan ƙasar Hausa ake kira sha-ka-fashe, wanda sau da yawa deksa ne da maganin buɗe ciki. Fuska za ta cika, ciki ya fito, wuya ya yi kauri, amma cinya da damtse su zube, fata ta yi laushi ta tsattsage. Ruwa ne da kitse da suka taru inda bai kamata ba, naman jiki kuwa narkewa yake yi. Garin neman ƙiba an samo rama. Mayukan bilicin da dama ma wannan dangin magani ne a cikinsu, kuma fata na tsotse shi zuwa cikin jini.

Abin da ya sa fita daga wannan tarko ke da wuya shi ne, idan mutum ya wuce kimanin mako uku yana sha, 'yan halittun nan na saman ƙoda sukan rage aikinsu, tunda ana kawo musu abin daga waje. Ranar da ya daina kwatsam, ko don kuɗi sun ƙare ko don wani ya tsorata shi, jiki zai wayi gari babu na waje babu na ciki. Sai kasala da amai da jiri da faɗuwar jini, wani lokaci har suma da mutuwa. Saboda haka duk wanda ya daɗe yana shan deksa, kada ya yar da shi rana ɗaya. Ya je wurin ma'aikacin lafiya, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sha, a rage masa sannu a hankali. Duk wani wayar da kai da ya ce wa mutane su daina kawai, bai haɗa da wannan gargaɗin ba, zai iya jawo wata sabuwar musiba.

Uzurin da ake bayarwa

Masu kare 'yan tallar magani suna da hujja, kuma ba a banza take ba. Sukan ce mai talla yana zuwa har ƙofar gida, yana ba da bashi, yana sayar da daidai kuɗin mutum. Cibiyar lafiya kuwa tana da nisa ga wasu ƙauyuka, asibitin gunduma yana Dakoro, manyan asibitoci suna Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 100. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin jinya, a 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, amma kuɗin mota da asarar yinin aiki suna nan a wuyan talaka.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa kame da ƙona kaya kaɗai ba za su magance matsalar ba. Sai dai uzurin bai shafi kowane magani daidai ba. Mai tallar da ya sayar da farasitamol ko gishirin gudawa ya cike wani giɓi. Wanda ya sayar da deksa ga mai zazzaɓi ya ɓoye cutar ne daga idon mai ita. Ga kuma batun inganci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta watan Janairun 2020 kan yaƙi da fataucin jabun magunguna. Alƙawarin da aka ɗauka a Lome ya kamata a ga alamarsa a kasuwar ƙauye.

Bai kamata kuma a ɗora wa 'yan talla laifin duka ba. A faɗin yankin Sahel da arewacin Najeriya, akwai ma'aikatan lafiya da masu kantin magani da suka saba ƙara allurar deksa a kan kowace mura da kowane zazzaɓi, saboda mara lafiya ya ji sauƙi nan take ya ce hannun wane yana da kyau. Jama'a ma suna da nasu kason, domin da yawa ba sa yarda an duba su sai an yi musu allura. Daga irin wannan ne mutane ke koyon sunan maganin, gobe su je kasuwa su saya da kansu.

Abin da za a iya yi

Hana maganin gaba ɗaya ba mafita ba ce, domin ranar da asma ta shaƙe yaro da tsakar dare, dole a same shi a cibiyar lafiya mafi kusa. Abin da ake buƙata shi ne a mayar da shi inda ya dace. Na farko, hukumomin lafiya na gundumar Dakoro su tabbatar cewa firedinisolon da maganin shaƙa na asma ba sa yankewa a cibiyoyin CSI, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. Mai asmar da ke da abin shaƙa na rigakafi ba zai riƙa komawa ga ƙwaya kowane wata ba.

Na biyu, duk majo ko ma'aikacin da ya rubuta maganin ya rubuta abu uku a karnen mara lafiya: dalili, adadi, da ranar dainawa, ya kuma faɗa masa da baki cikin harshen da yake ji, Hausa ne ko Fulatanci ko Tamashek. Ya tambaye shi ko yana da suga ko hawan jini ko gyambon ciki ko tari mai daɗewa, ya kuma shaida masa cewa da safe ake sha, bayan an ci abinci. Idan mutum ya dawo neman maganin sau biyu ko uku a shekara, alama ce ta cewa ainihin ciwonsa na buƙatar a duba shi a asibitin gunduma.

Na uku, masu sa ido kan magunguna su fara da 'yan magunguna kaɗan mafi haɗari, deksa a sahun gaba, su bi manyan dillalan da ke shigo da su da katan-katan, maimakon farautar yaron da ke yawo da tire.

Na huɗu, sarakuna da masu gari da limamai da gidajen rediyon al'umma su ɗauki batun kamar yadda suka ɗauki rigakafin shan inna. Ungozomomi da masu gyaran amare su ne suka fi kusa da 'yan matan da ake ɗura wa maganin ƙiba, don haka da su za a fara. Mazan da ke auna darajar mace da cikar kumatunta su ma su san abin da ake sha domin a faranta musu.

Shi kuma mara lafiya yana da haƙƙin yin tambaya biyu ga duk wanda ya miƙo masa ƙwaya ko ya ɗauko sirinji: mene ne sunan wannan magani, kuma yaushe za a daina? Ma'aikacin da ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya kasa amsawa, ko ya ce a yi ta sha har sai an ji daɗi, a bar masa kayansa a nemi cibiyar lafiya, ko da za a kashe yini a hanya.